Ranar da Kwamfuta Ta Kasa Gane Goggo

Goggo ta zauna kusa da 'yar ƙaninta mai ɗaukar hoto, ta kafa wa hotonta da ke kan kwamfuta ido.

"Rage min kumatun nan. Goge wancan tabon. Haska ni mana, tsoro kike ji?"

Mai hoto ta danne dariya, ta yi ta gyara har hanci ya miƙe. Manhajar da ke ware hotunan dangi bisa fuskokinsu ta san Goggo a hoto ɗari uku, amma wannan ta kasa gane shi.

"Goggo," in ji mai hoto cikin ladabi, "kwamfuta na tambaya, wai baƙuwa daga ina?"

Goggo ko gezau ba ta yi ba. "Faɗa mata haka nake kafin goyon ubanki ya tsofar da ni."