Mamarin Sulaiman a Kan Rairayi

Ni Bakano ne, kifi a faranti na san shi. Amma tun da Allah Ya haɗa ni ɗaki ɗaya da Sulaiman ɗan Yawuri a unguwar Al Nahda, can ƙasar Larabawa, kunnena bai huta da zancen kifi ba. Aikinmu ɗaya, ɗaure kayan 'yan kasuwa a wani shagon kago a unguwar Naif. Kana ɗaure dila yana ba ka labarin giwan ruwa, har ka ji kamar ka toshe masa baki da salatif.

Mahaifinsa masunci ne, ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani. Duk sanda ƙanwarsa Barira ta kara wa tsohon waya a kunne, tambaya ɗaya ce: "Sule, an ce kana bakin ruwa. Ka kama wani abu?" Sulaiman kuwa ya daɗe rabonsa da gida. Kullum ya nemi hutu mai shago ya ce shwaiya shwaiya, wato a bi a sannu, in kuma ya tafi bai da izini wani zai maye gurbinsa, ga gida guda na ci daga albashinsa. Sai ya ƙudurta ko kifi ɗaya ne ya kama, ya faɗa wa tsohon tun yana da rai.

Wata Lahadi ya ja ni wani gefen teku mai rairayi da duwatsu. Ya haɗa mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi jere, irin ta gida. Ya shiga ruwa iya cinya, ya kafa sanduna, ya ɗaure, ya fito yana hura hanci.

"Muhsin, mu je mu ci abinci mu yi azahar. Yau sai ka gaji da cire ƙaya."

Da muka dawo, wallahi na yi dariya har da riƙe ciki. Babu ruwa! Ga sanduna tsaye a kan rairayi, ga mamari kwance a rana, kyanwa biyu na cinye jatan landen da ya saka. Ruwan ya koma can nesa abinsa.

"Sarkin ruwa," na ce, "ka kama kuliyoyi."

Bai yi dariya ba. Tsayawa ya yi yana kallon wurin. A Yawuri in ruwa ya janye, ai sai wata damina.

Wani tsoho Ba'indiye da ke zaune kan dutse da sandar fatsa ne ya tausaya mana. Da guntun Larabci da nuni da hannu ya ce ruwan nan sau biyu yake tafiya ya dawo kowace rana, wata ne ke jansa. In rabin wata ake gani a sama, ruwan rago ne, kifi ma rago. Amma in sabon wata ya kama ko ya cika, ruwan kan tafi da nisa ya dawo da ƙarfi, yana tone abinci, kifi na biye da shi. A lokacin dawowar ake jefa ƙugiya.

Da Sulaiman ya kai wa mahaifinsa labarin, tsohon ya yi dariya har da tari. "Ƙarya suke maka, Sule. Ruwa ba ɗan aike ba ne." Amma zancen watan ya kama shi, don su ma a can suna duba wata kafin su fita kamun kifi. Daga ranar, Barira ta ce, kullum sai ya tambaye ta ina wata ya kai.

Muka jira. Sulaiman ya rame, ya daina ba ni labarin giwan ruwa, ni da nake ƙorafi sai ga shi ina kewar surutun. Barira kuma ta fara cewa jikin Baba sai addu'a.

Sabon wata ya kama. Bayan la'asar muka hau duwatsun da sandar fatsa ta aro. Ruwan ya fara tahowa, yana cika ramuka, yana lasar duwatsu. Can sai sanda ta lanƙwashe. Kai, ban taɓa ganin fuskar Sulaiman haka ba! Ya jawo wani kifi mai sheƙi, tsawon zira'i, wanda Larabawa ke kira shari.

"Kira Barira! Muhsin, yalla, kira ta!"

Na riƙe wayar don hannunsa duk ƙarni. Ga tsohon kwance a kan tabarma, Barira ta tallafo kansa.

"Baba, na kama! Ga shi a hannuna!"

"Yana da gashin baki?"

"Babu, Baba. Ɓawo gare shi kamar ƙarfasa."

"Alhamdulillahi. Hannun bai mutu ba." Ya numfasa. "Kai ni wajen ruwan in ji."

Na sunkuya na kara wayar kusa da dutse. Igiyar ruwa ta buga, ta ja, ta sake bugawa. Tsohon ya kasa kunne yana saurare.

"Shi ne wanda ya tafi da safe?"

"Shi ne, Baba."

"Kuma ya dawo."

"Ya dawo."

"Ikon Allah. Ashe gaskiya ne." Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na matso da wayar kunnen Sulaiman. "To kai fa, Sule? Wane wata zan sa Barira ta duba mini?"

Sulaiman ya sunkuyar da kai yana kallon kifin. Ni ɗin nan mai bakin tsiya, kuka na kama yi, ban ji kunyar Ba'indiyen nan da ke zaune kusa da mu ba. Kifin ya daina motsi a hannunsa, ruwa ya haye dutsen ya jiƙe mana takalma, tsohon kuma yana can yana jiran amsa.