Keken Ɗinki da Butar Shayi

A layin nan kowa ya yarda Injiniya mutumin kirki ne, sai dai in ya faɗi magana ba ta komawa. Maƙwabta na cewa bai taɓa shiga ajin injiniya ba, dogon zama a shagon wayoyi da ƙwayayen fitila ne ya ba shi sunan. Matarsa kuwa, wadda tela ce, cewa take, "Ku bar shi, shi da lantarki ai 'yan uwa ne, mu ne bare."

Fiyus ɗin wutar gidansu ya riƙa ƙonewa da safe. Injiniya ya tsaya tsakar ɗaki ya kasa kunne, ya nuna keken ɗinkinta. "Ga ɓarawon nan. Abin da ke irin wannan ƙara ai shi ke shan wuta." Ya kwance motar lantarkin da ke juya keken, ya jefa ta saman kabad. Matar ta koma takawa da ƙafa, ga gwiwoyin da tuni suka gaji da ita. Da yamma takan zauna bakin gado tana murza su da man zafi. Ɗinkin mutane ya taru a kwando, wasu suka zo suka kwashe yadinsu.

Fiyus kuwa bai fasa ƙonewa ba. Ya ɗora wa masu wuta laifi, ya ɗora wa tsohon wayarin, har ya gaji da jin bakinsa. Ranar da ya tarar da ita tana dafa bango kafin ta iya miƙewa, ya aro mitar awon wuta daga shago.

"Yau kuma wa za a kama?" in ji ta.

"Mayar da motar zan yi, in nuna miki da idonki."

Soket ya ba da volt ɗari biyu da ashirin. Ta kunna keke, mita ta nuna rabin amp. Ya ninka a ka: wat ɗari da goma, wutar da keken ke ci ke nan. Ya raba volt da amp ɗin, turjiya, wato yadda keken ke tare wuta, ta kama om ɗari huɗu da arba'in. Ya sake awo, bai canza ba. Keken sai ƙara, cinsa kaɗan.

"To, Injiniya, saura butarka," ta ce tana zare tsinken allura daga baki.

Butar shayinsa ta lantarki tana kan firji, ba ta cika ƙara ba sai ɗan huci. Ya jona ta. Amp goma. Wat dubu biyu da ɗari biyu, turjiya om ashirin da biyu kacal, hanya a buɗe wuta na kwarara. Keke ashirin ke nan a cikin buta ɗaya, kuma kullum da safe shi yake kunna ta da hannunsa.

Ya zare filogin a hankali. Ya naɗe wayoyin mita, ya kwance, ya sake naɗewa. Ita ta ci gaba da ɗinki, ƙafafunta a miƙe kan tabarma, a kumbure.

Ya jawo kujerar roba ya zauna kusa da ita. Ta tsayar da keken.

"Maman yara," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "na zalunci ƙafafun nan. Ki yafe mini."