Guda Ɗaya Cikin Ƙanƙara

Wata mai ɗinkin kaya ba ta gama farfaɗowa daga allurar barci a asibiti ba, mijinta ya riga ya baza labari. Shi dai magana ba ta kwana a cikinsa. Yana jin likita ta ce an ciro ƙwai ashirin da biyu, ya fita baranda ya kira mahaifiyarsa, ita kuma ta sanar da dangi kaf.

Shekara da shekaru mai ɗinki tana fama da ciwon nan da ke tara ƙananan ƙulle-ƙulle a ma'ajiyar ƙwan mace, al'ada ta yi ta tsallake watanni, haihuwa ta ƙi zuwa. Da aka shirya haɗa ƙwanta da maniyyin mijin a ɗakin gwaji kafin a dasa mata, likita ta ja musu kunne: "Masu irin ciwonki ƙwai ba ya yi musu kaɗan, nunarsa ce matsala." A gabansa aka faɗa, amma rabin farko kawai kunnensa ya ɗauka.

Cikin 'yan kwanaki lissafi ya zagwanye. Da yawa ba su nuna ba, wasu sun ƙi haɗuwa, wasu sun fara girma suka tsaya. Saura guda.

"A dasa min shi yau," in ji mai ɗinki.

"Dubi cikinki," likita ta ce. "Alluran sun kumbura ki, ruwa ya taru. In na dasa yanzu na jefa ki cikin haɗari. Mu daskarar da shi sai jikinki ya sauka."

Ta ji haushi, har da kuka, amma ta yarda. Ba za ta yi caca da shi ba.

A gida suka tarar da surukarta ta jera yadin jarirai a kan keken ɗinki, har launi uku, wai ko tagwaye ne ko 'yan uku. Mijin ya hau sosa ƙeya yana laluben ƙarya. Matar ta riga shi magana.

"Inna, ɗaya ya rage. Yana asibiti cikin ƙanƙara, ba a dasa ba tukuna. Ko an dasa ma, sai yadda Allah ya yi."

Tsohuwar ta fara naɗe yadin a hankali.

"Bar min shuɗin, Inna," mai ɗinki ta ce. "Babu jaririn layin nan da ban ɗinka wa riga ba. Nawa ma a fara masa."

Ta jawo kujera, ta zauna da ƙyar saboda kumburin, ta laso bakin zare za ta zura a allura.