Masabar Sahabi Ta Dawo

Duk wanda ya san Bungudu a 1954 ya san Sahabi maƙeri, kuma ya san ba a gaya masa ya gaza. Gajere ne, ƙirji kamar turmi, in ya ɗaga masaba, gudumar ƙira, har 'yan kasuwa sai sun ji. To amma a bazarar nan abu ya ƙi. Garmar da yakan gama kafin hantsi sai ta kai shi azahar. Ya buga ƙarfe, masaba ta kwanta a kai laƙwas, sai ya sake cicciɓo ta da ƙarfin kafaɗa. Kafin la'asar hannun ya mutu murus.

Ga damina ta ƙarato. Manoman Nahuce, waɗanda tun zamanin ubansa nan suke kawo aiki, suka aiko a gaya masa in ba zai iya ba, za su kai garemaninsu Tsafe. Wannan saƙo ya ƙona masa rai ƙwarai.

Matarsa Tambaya ba ta iya rufa-rufa ba. Ta ce, "Malam, tsuhwa na. Ka aje masabag ga tun ba ta aje ka ba."

Ya harare ta, don shi ma cikin ransa abin da yake tsoro ke nan.

Ran Litinin ya hau motar gyaɗa zuwa Gusau neman ƙarfen ƙira wurin Lukuman, mai sayar da tsofaffin ƙarafa a bayan tasha. Al'adar Sahabi ce ba ya sayen ƙarfe sai ya ji muryarsa, shi ya sa yake tafe da masabarsa a jaka. Yana cikin tone-tone sai ya ga wani guntun ƙarfe mai kauri, wai daga ƙafar taragon jirgi ya fito. Ya ware ƙafafu, ya tattaro duk ƙarfin da ya saba zubawa a gida, ya sauke masa duka.

Masaba ta yi tsalle ta dawo, ta same shi a goshi, ƙwal! Sai ga Sahabi zaune a ƙasa, hula can gefe.

Lukuman ya rugo yana salati. "Baba, lahiya? Mi ya kai ka? Wanga ƙarhe ba a yi mai da ƙarhi, shi ka maido ma hannu da kainai!"

Jini na bin girarsa, amma Sahabi dariya yake. Ya tashi ya sake bugawa, a hankali wannan karon. Masaba ta taso da kanta ta iske hannunsa a sama. Ya buga, ta dawo. Ya buga, ta dawo. Rabon da ya ji haka har ya manta.

"Ɗaura min shi," in ji shi. "Ashe ba hannuna ne ya mutu ba."

Da ya koma Bungudu ko ruwa bai sha ba, ya wuce rumfar ƙira. Uwar maƙera, ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a buga, tana nan kafe a ƙasa inda kakansa ya kafa ta. A gidansu ba a tumɓuke ta, ba a ma zarginta, don gado ce. Ya daɗe tsaye a kanta, sannan ya yi bisimilla ya ɗauki dagi ya tona.

Can ƙasa da wuyanta, inda ido ba ya kaiwa, ta tsage kusan rabi. Duk dukan da yake yi, tsagar nan ce ke shanye shi.

Tambaya ta leƙo ta ga ramin, ta dafe ƙirji. "Malam! Ta kakanka ka hidda?"

"Aika Nahuce," ya ce. "A ce musu su kawo garemani gobe, duka. Ga wadda za ta maye gurbinta na sayo."

Murna ta cika shi, amma da ya ɗago tsohuwar maƙerar sai tausayi ya kama shi, har idonsa ya kawo ruwa. Ya wanke ta da hannunsa, ya shafa mata mai, ya naɗe ta cikin tsohuwar rigar ubansa.

"Kin gaji ba ki hwaɗi ba," ya ce mata a hankali. "Huta. Ni da saura."