Sandar Badujalar Gumel

Sha'aibu ya ɗaga sanda ya gicciye ta, alamar a tsayar da kiɗa ke nan, amma babbar ganga ba ta tsaya ba. Shekara da shekaru yana jan 'yan badujalar matasan Gumel, bai taɓa ɗaga sanda an ƙi bi ba sai yau, a faretin ranar 'yancin kai, a gaban rumfar manyan baƙi.

A ƙa'idar badujala mai sanda yana gaba ne, ba ya waiwaye. Mai babbar ganga ke duban sanda, ya isar wa sauran da duka biyu. Mai gangar kuwa Manu ne, wanda Sha'aibu ya ɗauko daga tashar 'yan acaɓa ta Sule Tankarkar tun bai san hagu da dama a maci ba.

Manu ya juya kiɗa, masu busa begila suka cafe. Taken wani ɗan takara ne da ke hakimce a rumfar. Ko tuntuɓe ba su yi ba, kuma irin wannan cafewa sai da atisaye. Nan Sha'aibu ya gane ta'aziyyar da suka ce masa za su je Gagarawa, ashe atisayen wannan take suka je yi.

Makon jiya yaran ɗan takarar suka zo masa da wannan buƙata, ya ƙi. Bappa, tsohon ɗan sandan da ya kafa ƙungiyar, da sharaɗi ya ba shi sanda: ba siyasa, domin 'ya'yan kowa na ciki. Ranar da yaran suka zo ma, Manu ya fi kowa yi musu kumfar baki, har sai da aka riƙe shi.

Abin ya ci Sha'aibu ƙwarai, ya ji kamar ya yar da sandar ya fice. Sai dai makarantu na biye da su sahu-sahu, in ya tsaya cak za su hau juna. Haka ya ci gaba da juya sanda har ƙarshen fili, wasu na tafi, wasu na zaginsa da sunansa.

Bayan la'asar ya sami Bappa a zaure. Manu ya riga shi zuwa, yana durƙushe, kai a sunkuye. Kowa ya san Bappa: in ya ji gaskiya, da Manu da masu begila duk korarsu zai yi, badujalar ta mutu ke nan.

"Sha'aibu, da saninka aka yi?"

Sha'aibu ya dubi Manu, ya ɗan jira ko zai buɗe baki. Manu ya ci gaba da kallon tabarma.

"Baba, ni ne a gaba," in ji Sha'aibu.

Tsohon ya miƙo hannu. Sha'aibu ya ɗora masa sandar.

"Manu, riƙe mana wannan," in ji Bappa. "Kai ko ba komai ka zo ka ba da haƙuri a kan laifin wani."

Manu ya goge tafinsa a riga, ya karɓa da hannu biyu.