Ma'aikaci na Bakwai

Anti Shiru tana cikin buga jan hatimi a kan littattafai sai hannunta ya tsaya cak. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan, don shekara ashirin da biyu ke nan tana zaga ɗakin karatun jami'a da kalma ɗaya tak a bakinta. Yau aikin rage littattafan da ke kan kantoci ake yi: duk littafin da ya shekara goma ba wanda ya cika takarda ya nema, a buga masa ja, ranar Litinin motar masu niƙa takarda ta kwashe. Kantar siyasa ce ta fi jin jiki. Masu ra'ayin riƙau da 'yan gurguzu, waɗanda suka ƙare rayuwa suna zagin juna, ga su jibge a kwali guda, ba mai ce wa wani uffan.

Wanda ke hannunta mai bango ruwan toka ne, a kan yajin aikin masaƙa da zanga-zangar da ta biyo baya. Kwafin nan kaɗai ta sani a duniya, kuma mahaifinta yana ciki. Shi ya tsaya a ƙofar masaƙa ranar da aka yi harbi, shi ya sha ɗaurin shekara uku, ya fito ba aiki. Yanzu ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, abin da ya rage masa shi ne ya ce wa duk baƙon da ya shigo, "Ni fa ina cikin littafi."

"Oga, wannan fa?" ta tambayi shugaban sashensu.

"Ka'ida ce. Sai in wani farfesa ya sa hannu cewa ana bukatarsa." Ya juya bangon, ya yi dariya. "Ga farfesan da ya rubuta shi can a bene na uku. Abin nema ya samu."

Ta hau. Farfesa yanzu shi ne shugaban kwamitin ladabtar da ɗalibai masu zanga-zanga. Sabon littafinsa a kan tarbiyya da biyayya ga hukuma yana jere a bayansa, kwafi goma sha biyu, duk cikin leda. Ta tuna shi siriri, da silifa da rakoda, wata shida yana zama a tabarmarsu, mahaifiyarta na ƙara ruwa a miya don ta isa har da shi.

"Ranka ya daɗe, sa hannu kawai nake roƙo."

Ya ɗaga littafin da yatsu biyu kamar wanda aka miƙa wa jiƙaƙƙen tsumma. "Wannan ai ƙuruciya ce, baiwar Allah. Ni na ce a sa shi a jerin."

"Mahaifina yana ciki. A gidanmu ka yi hirar."

"Allah sarki! Na nawa ne shi?"

"Na bakwai."

"Na bakwai, na bakwai..." Ya rufe ido yana jinjina kai. "Mutum mai kaifin harshe. Ya rasu ko?"

"Yana nan."

"Madalla. Ki gaishe shi. Ki gane, in yaran nan suka samu irin wannan, gobe su ƙona mana motoci. Mu mun gani, mun dawo daga rakiyar."

Shi ya dawo, da kujera mai juyawa da direba. Waɗanda ya raka suna can inda ya bar su. Ta ce na gode, don ba ta iya faɗin wani abu ba, ta sauko.

Littattafan ɗakin nazari ba a fita da su, kuma mai gadi yana laluben kowace jaka, har tata. Ta shiga bayan kantar ƙarshe, ta ciro reza daga aljihun tebur. Ita da ta sa aka kori ɗalibi biyu saboda yagar shafi, ta yanke shafi goma sha ɗaya tsaf, ta naɗe a cikin hannun rigarta. Sauran ta buga masa ja da kanta.

Da la'asar ta tarar da tsohon a kujerarsa ta bakin taga, rediyo a cinya.

"Baba, na kawo maka littafinka. Wurin da kake, dai."

Ya kashe rediyon. Ya shafa takardun da tafin hannu, ya sansana. "Shekara nawa ina cewa ki kawo, kina ce mini doka. Yau dokar ta yi barci? Karanta mini."

Abin da ta daɗe tana gudu ke nan. Masana ba sa rubuta sunan wanda suka yi hira da shi, lamba suke ba shi, wai don kare shi. Ba ta taɓa gaya masa ba. Ta gyara murya, tana karantawa tana mayar masa da Hausa.

"Ma'aikaci na Bakwai ya ce: mu muke saƙa yadin, amma 'ya'yanmu da faci suke zuwa makaranta. Ranar da muka kashe injuna, ranar na fara jin muryar wanda ke kusa da ni."

Ta ci gaba, shafi bayan shafi, har harbin, har gidan yari. Hawaye ya gangaro masa, bai share ba.

"Wannan ya faɗi gaskiya," ya ce. "Ko wane ne shi, Allah ya jiƙansa. Mutanen kirki duk sun tafi." Ya gyara zama, ya miƙe wuya kamar za a ɗauke shi hoto. "To, 'yar nan, tsallake nasa. Kai ni inda sunana yake."

Ta juya shafi na goma sha ɗaya. Bayansa fari ne fat.

"Ina nema, Baba," ta ce.