Mangwaron Seecharan

Mangwaron da ke tsakar gidan Eustace Pollydore ya bushe tun shekarar da teku ta fasa ganuwa ta shigo gari. Ba ganye, ba inuwa, sai ƙeƙasassun rassa a kan rufin kwano. Kowa ya ce ya sare. Bai sare ba, bai kuma gaya wa kowa dalili ba. Eustace ba ya yi wa ƙananan mutane bayani.

Ba a gidan aka haife shi ba. A shekarar ƙone-ƙone, da Baƙaƙe da Indiyawa suka shiga farautar juna, kowa ya gudu inda nasa suka fi yawa. Eustace yana tsallaken magudana cikin Indiyawa. Seecharan, manomin shinkafa, yana wannan gefen cikin Baƙaƙe. Suka haɗu a kan gadar katako suka yi musayar gida, ba wanda ya miƙa wa wani hannu. Eustace ya bar kabarin uwarsa a bayan gida. Seecharan ya bar mangwaron da aka binne cibiyarsa a gindinsa. Sharaɗin ɗaya ne: ka taɓa nawa, in taɓa naka.

Eustace bai taɓa kiran wannan amana ba. A wurinsa Ba'indiye ba ya jin kunya, asara kawai yake tsoro. Muddin itacen na tsaye, kabarin na nan. Shi ya sa da ya bushe ya bar shi a tsaye, yana fatan daga tsallake ba a lura ba. Gadar kuwa, tun ranar musayar bai sake taka ta ba.

Wata safiya wani mai tumbi cikin fararen kaya ya tsaya a bakin ƙofa yana share gumi. Ya ce sunansa Mohan, ɗan Seecharan, jiya ya sauka daga Kanada. Tsohon ya rasu. Gobe za a ƙone gawarsa a bakin teku, bisa al'adarsu.

"Kawu, ya bar wasiyya," in ji shi. "Ya ce da mangwaronsa za a ƙone shi. Ya ce ai ya daɗe da bushewa, zai ci wuta sosai."

Ashe Seecharan ya san ya bushe. Duk shekarun nan ya sani.

Cleveland, maƙwabcinsa, wanda ba ya aikin komai sai manna hotunan jam'iyya idan zaɓe ya ƙarato, ya leƙo ta kan shinge tun ba a kira shi ba. Ya ce kada ya ba da ko tsinke. Ya ce mutanen nan haka suke, yau itace, gobe fili. Ranar da mangwaron ya faɗi, in ji shi, ranar za su baje kabarin su zuba siminti su ajiye tarakta a kai.

Abin da Eustace ke tunani ke nan. Jin sa daga bakin Cleveland ne ya ɓata masa rai. Yaron da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da gidaje ke ci da wuta, shi ne zai koya masa ƙiyayya?

"Koma ka lashi gam ɗinka," ya ce.

Ya ɗauko gatari. Mohan ya ce zai taya, Eustace ya dubi tafin hannunsa mai laushi kamar burodi ya ce ya matsa kada reshe ya kashe shi a yi gawa biyu. Da shi da wani mai amalanken jaki suka kayar da itacen, suka faskara, suka loda. Sai kututture ya rage. Yanzu ba abin da yake riƙe da shi.

Ya bi amalanken a ƙafa, ya haye gadar. Mata suna leƙe ta taga, samari a gindin jajayen tutocin ibadarsu suna bin sa da kallo. Bai gai da kowa ba. Ya ratsa taron makoki ya zarce bayan gida, kamar mai shiga nasa.

Kabarin yana nan. An share ciyawa. Farar ƙasa ta hau kan farar ƙasa, shafi a kan shafi, har sunan Miriam Pollydore ya kusa nutsewa. Na sama sabo ne, na bana.

Dularie, matar mamacin, ta biyo shi tana dogara sanda. Ta ce duk ƙarshen shekara sai mijinta ya shafa, yana yi yana zagin ɗan mai kabarin, wai wane irin ɗa ne ba ya zuwa ganin uwarsa.

Eustace ya daɗe yana kallo. Ya sa farce ya kankare inda farar ƙasar ta toshe harafin farko.

"Mutum ya tsufa ya mutu bai iya riƙe buroshi ba," ya ce. "Dubi yadda ya zubar a ƙasa."

"To ka zo ka yi da kanka, mai gwaninta," in ji Dularie. "Ni gwiwata ta ƙare, yaran nan kuma ba su san komai ba sai jirgin sama. Ka zo da taka farar ƙasar, ba zan saya maka ba."

Ya tambaye ta ko suna kulle ƙofar baya. Ta ce sakatar da ubansa ya sa ce har yau, kuma tun a lokacin ba ta kamawa.